Kada Ka Karɓi Motar Sai Ka Auna Ƙafafunta

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Garba Direba a Illela, zuwa ga ɗana Bello a masaukin direbobi na Sakkwato. Gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka duka suna gaishe ka.

Bayan haka, da hannuna na rubuta wagga takarda, shi ya sa za ka ga baƙaƙen sun karkace. Ban kai wa malamin unguwa ya rubuta mani ba, don akwai maganar da ba na son kunne na uku ya ji. Ka karanta ta kai kaɗai, kuma ka gama ta kafin Alhamis, ranar da Mamman Na-Gusau ya ce zai damƙa maka motarsa.

Na san da fushina ka tafi. Ranar kasuwa, da motar ta tsaya gindin tsamiya, na tuɓe rigata na shige ƙarƙashinta gaban jama'a, kai kuwa ka tsaya kana ta "Baba, don Allah fito, mutane na kallo." Su kalla mana! Idon nasu ne. Mai motar yana ta dariya, wai tsohon direba ba ya rabuwa da ƙarfe. To wannan dariyar ce ma ba ta kwanta mani ba. Mutum ya taso tun daga Gusau, garin da direbobi ke zaune a tasha suna jiran aiki, ya tsallake su, ya tsallake na Sakkwato, ya zo har bakin iyaka neman wanda shekararsa ɗaya da karɓar lasin? Don mi? Ina wanda ke janta da? Na tambaye shi, ya ce ya tafi ganin gida. Na tambayi direban da ya kawo ta, ya ce shi aronsa anka yi na kwana uku, bai san komi ba. Ruwa ba ya tsami banza, Bello. Ƙafafun motar nan na gaba ba su bin hanya ɗaya, kuma a kansu za ka ɗora ranka da rayukan waɗanda za su hau bisa kaya.

Za ka ce zargi ya yi wa Baba yawa, ko kaza ta yi tari sai ya ce aiko ta anka yi. Ban musa ba, innarka ta faɗa har ta gaji. Amma ka saurara ka ji inda na samo halin.

Kana ƙarami lokacin da Nasara sunka gama hanyar Sakkwato zuwa iyaka, maigidana Ɗan Ige mai fataucin ƙiraga ya sayi motarsa ta fari. Da jakai nake kora masa, sai ya tura ni na koyi tuƙi. Wai! A lokacin in na ratso gari ko liman sai ya leƙo. Kaina ya kumbura. Ran nan ina dawowa daga garin Araba da buhunan gero, na iske ayarin raƙuma sun cika hanya, ga mata a bakin rijiya suna kallo. Maimakon in yi haƙuri, sai na faɗa ciyawa in wuce su don a ga gwani. Akwai kututturen kalgo a ɓoye cikin ciyawar. Ƙafar gaba ta hagu ta dake shi har haƙorana sunka haɗu. Da na sauka na duba, sandar ƙarfen nan da ta haɗa ƙafafun gaba biyu, wadda ke sa su juya tare, ta lanƙwashe. Na kwance ta, na ɗora bisa dutse, na yi ta bugu da guduma. Na ɗaga ta na kanne ido ɗaya na leƙa, na ce ta miƙe. Na maida ta na ɗaure, na shigo gari ban ce wa Ɗan Ige uffan ba.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ƙafar mota ko ƙimar bai sani ba. Karkatar da ke kashe taya ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, yaya ido zai gan ta? Duk ranar da ƙafarka ta daki kututture, ko dutse, ko ta faɗa rami da ƙarfi, ka auna a ranar, kuma ka faɗa wa mai mota a ranar. Faɗan da zai yi maka na yini ɗaya ne.

Daga nan mota ta fara ja hagu. Na ji, ba wai ban ji ba. Amma na samo wa kaina hujja. Ka san yadda Nasara ke gina hanya da ƙusumbi a tsakiya don ruwa ya gangare gefe, kuma dokarsu ta ce mota ta riƙe hannun hagu. To wanda ke bin hagu bisa gangare ai dole ya ji ana jansa hagu. Na ce laifin hanya ne. Na riƙa danne sitiyari dama, yau da gobe har hannuna ya saba, na daina jin jan. Kafaɗata ce ta riƙa ciwo, innarka tana shafa mani man shanu da yamma, muna cewa sanyi ne ya shige ni. Ka ji tsoron wannan sabon. Hannun direba maƙaryaci ne, yana gyara ɓarnar mota ba tare da ya gaya wa mai shi ba. In ka samu fili miƙaƙƙe, ka rage gudu ka sassauta hannu, ka bar ta ta nuna maka inda ita take son zuwa.

Ba a yi wata uku ba tayar hagu ta fara cinyewa ta gefen waje, tsakiyarta kuwa sabuwa fil. Mi ke cin taya gefe ɗaya? Nan fa shaiɗan ya samu wurin zama. Akwai Tanko Mai Jakai, abokina tun muna kora tare, wanda motarmu ta ɗauke masa kayan da yake kaiwa Sakkwato. Wata tsohuwa ta ce mani ta gan shi yana zagaya motar yana magana shi kaɗai. Shi ke nan, na ce biri ya yi kama da mutum. Na karɓo laya na ɗaure a sitiyari, na yi wa taya hayaƙi, taya ba ta fasa cinyewa ba. Sai na tare shi tsakiyar kasuwa na ce ya kwance abin da ya ɗaure. Tanko ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Garba, in da ina da asirin cin ƙarfe da roba, ka ga jakaina za su rame haka? Kallo nika yi, ban taɓa ganin cikinta ba." Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni kuwa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na ci kwalarsa, sai da dattawa sunka raba mu sunka sa na ba shi haƙuri. Har ya rasu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma abin yana cina har yau.

Kafin ka zargi mutum ka zargi ƙarfe, kafin ka zargi ƙarfe ka tambayi hannunka abin da ya yi. Na san za ka ce to ga Baba da bakinsa, mi ya sa yake zargin Na-Gusau? Tanko na zarge shi ban ko durƙusa na duba ba. Wannan kuwa sai da na shiga ƙasa na shafa da tafina.

Wanda ya buɗe mani ido wani dattijon bakanike ne mutumin Dahome, ana ce masa Kosi, shi ke gyaran motar kumandan Faransa a Ƙonni, tsallaken iyaka. Na kai ƙiraga can, ya roƙi in rage masa hanya zuwa bayan gari. Ka san da ka tsallake iyaka doka ta juye, Faransa hannun dama suke bi. Muna tafe yana ta kallon hannuna. Can ya ce da karyayyar Hausarsa, "Direba, saki." Na ce in saki mi? Ya ce sitiyari. Na sassauta, mota ta bar dama, ta haye ƙusumbin hanya, ta nufi hagu kamar akuyar da ta hango gonar wake. Na ce masa hanya ce. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Can ƙasar Ingilishi kana hagu, ta ja hagu, ka ce hanya. Nan ƙasar Faransa kana dama, gangare yana dama, ta ja hagu. Hanya biyu, sarki biyu, duk sun haɗa baki su cuce ka?"

Wallahi Bello, sau nawa na tsallake iyakar nan da motar, ban taɓa lura ba. Mu mutanen Illela Allah ya ba mu ma'aunin da direban Kano ba shi da shi, hanya mai bin hagu da hanya mai bin dama a ƙofar gidanmu, ni kuwa ina yawo da laya a sitiyari. Kai can babu iyaka, amma dabarar ɗaya ce. Ka nemi inda ba kowa, ka gwada ta a wannan gefen, ka gwada ta a wancan. In ta bi gangare duk inda yake, hanya ce. In ta nace wa gefe ɗaya, ita ce.

A ranar Kosi ya koya mani awo, kuma ga shi yadda ya koya mani, kada ka rage komi. Ka tsayar da mota a dandamali mai ƙarfi, ba rairayi ba, ƙafafu suna kallon gaba sosai, kuma ka tsaya da tafiyar gaba, kada ka tsaya da baya. Ka duba iskar tayoyin ta zama ɗaya. Ka samo gora madaidaiciya, kada ka yi da karan dawa, yana lanƙwasa. Ka ɗauki gawayi ka yi ɗigo a tsakiyar fuskar kowace taya ta gaba, daidai tsayin cibiyar ƙafa. Ka gitta gora daga ɗigo zuwa ɗigo, ka tsaga alama da wuƙa. Sa'an nan a tura mota gaba har ɗigon nan su juyo baya, su tsaya daidai tsayin da suke. Ka sake gitta gorar. Baya ya kamata ya fi gaba faɗi da kamar ƙwayar dawa ɗaya. In ya kai ɗan yatsa, ko gaba ne ya fi faɗi, ƙafafun suna faɗa da juna, ɗaya tana jan ɗaya a ƙasa, kuma taya ce ke biyan faɗan. Bayan awo ka shafa fuskar taya da tafinka, daga waje zuwa ciki, daga ciki zuwa waje. In ta yi santsi ta nan ta kama hannu ta can kamar bayan kifi, an daɗe ana cutarta. Kuma ka kai hannunka har can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Da munka auna tawa, yatsa biyu ya shige. Kosi ya daina dariya. Ya ce sandar nan ta mutu, ƙarfen da guduma ta miƙar ba ya komawa, sai sabuwa daga Kano. Ya nuna mani inda zare ya fara leƙowa a gefen tayar. Ya ce, "Ka faɗa wa maigidanka yau, kada ka kai gobe."

Yanzu na zo inda alƙalamin ya yi mani nauyi.

Na dawo da niyyar faɗa, Allah shi ne shaida. Na iske Ɗan Ige a zaure da baƙi yana ta murna, ya sayi sabuwar mota, tana hanya. Yana ganina ya ce wa baƙin, "Ga wanda zan ba. Shekara biyu Garba na jan motata ko ƙwarzane bai yi mata ba." Ina zan sa bakina in ce na daki kututture tun bara na ɓoye? Na haɗiye maganar. Ya ce tsohuwar motar fa, wa za mu ba? Na ce ga ƙanena Nomau, ya karɓi lasin, hannunsa da sanyi. Baffanka Nomau na Amarawa nake nufi, ba wani ba. A raina na ce bari in zauna da gindina cikin sabuwar tukuna, in ya so bayan wata ɗaya sai in ce sandar ta lanƙwashe a hannun kowa ma, a sayo wata.

Saura tayar, wadda duk mai ido zai ga gefenta. Ranar Juma'a, da gari ya watse zuwa masallaci, na tsaya bayan rumbun ƙiraga. Na cire tayar daga ƙarfenta, na juya ta, cinyayyen gefen ya koma ciki, mai kyau ya dawo waje. Na kwaɓa laka na shafe cikin. Ina yi ina jin huɗuba daga nesa. Sallar da ban samu ba ke nan.

Ranar da zai karɓa, Nomau ya zagaya motar yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Ya ce, "Yaya, akwai wani halinta da ya kamata in sani?" Na ce, "Lafiyarta lau. Hanyar Nasara ce dai ke jan mota hagu, ka riƙe da ƙarfi." Ƙaryar da na daɗe ina yi wa kaina ita na miƙa masa, bayan na riga na san ƙarya ce. Ya ce ya gode.

Bai cika kwana goma ba. A gangaren da ke gaba da Gidan Katta, da lodin ƙiraga har sama, tayar ta fashe. Motar da dama hagu take nema, ta tafi da shi cikin kwazazzabo ta kife. Mutum huɗu da ke bisa kaya Allah ya watsar da su cikin rairayi, ba wanda ya mutu. Shi kuwa ƙafarsa ta dama tana ƙarƙashin ƙarfe tun hantsi har azahar kafin a tara mutanen da za su ɗaga. Maɗori ya yi iya yinsa. Ka dai san yadda ƙafar take.

Gari ya ce sabon hannu ne, gudu ya yi. Ɗan Ige ya ce Garba ya ja ta shekara biyu ba ta yi ko tari ba, wannan kwana goma ya kashe ta. Ya sallame shi yana kwance. Ina tsaye a wurin. Tayar ta yi kaca-kaca, ba wanda zai gane an juya ta, na ji daɗin hakan, Allah ya gafarta mani. Abin da ya fi ci mani rai shi ne Nomau da kansa ya yarda. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗinkin hula a ƙofar gida yana cewa hannunsa ne bai nuna ba. Kai ma ka sha ji daga bakinsa: "Bello, in ka zama direba ka yi koyi da ubanka, kada ka yi koyi da ni." Duk ranar da ya faɗi haka a gabana, sai in ture tuwon ranar gefe.

To ga abin da na gani ƙarƙashin motar Na-Gusau. Tayar gaba ta hagu juyayya ce. Waje kyakkyawa, ciki kuwa an shafe shi da laka, a cikin ranin da rabonmu da ruwa wata biyar. Na kankare da farce, zare na taɓa. Sandar da ta haɗa ƙafafun an shafa mata sabon baƙin fenti, ita kaɗai a duk ƙarƙashin motar, kuma ƙarƙashin fentin yatsana ya ƙirga sawun guduma. Ba wanda zai koya mani wannan aikin.

Za ka ce mi ya hana ni faɗa a kasuwa. Da na fito daga ƙasa ina karkaɗe jiki, wa na gani tsaye kusa da kai? Baffanka, ya dogaro sandarsa tun daga Amarawa don ya ga motar da ɗan yayansa zai ja. In na ce an juya taya, tambayar da za ta biyo ita ce, "Yaya, ina ka san ana yin haka?" Na dubi fuskarsa, na ci gaba da karkaɗe jikina. Na bar ka ka tafi kana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Kwana biyu ke nan, sai na ga ina shirin maimaita abin da na yi, wannan karon da ɗan cikina.

Ban ce lalle Na-Gusau ne ya yi ba. Mai yiwuwa shi ma rufe shi anka yi yadda na rufe Ɗan Ige, direban da ya tafi ganin gida ya san abin da ya gudar masa. Mai yiwuwa kuma ya sani sarai, shi ya sa ya zo nesa neman wanda bai san tarihinta ba, wanda in abu ya faru za a ce sabon hannu ne. Ga yadda za ka gane. Ranar Alhamis, kafin a ɗora ko buhu ɗaya, ka zo da gorarka da gawayinka, ka ce masa cikin ladabi, "Maigida, ina son in auna ƙafafunta a gabanka." Kada ka kalli motar, fuskarsa za ka kalla. In ya ce bismilla, ya durƙusa tare da kai, ya yarda a sauya sanda da taya kafin a tashi, ka riƙe shi, ka samu ubangida. In ya yi dariyar nan tasa, ko ya ce jirgi ba ya jira, ko ya ce sai an dawo daga wannan tafiyar, ko ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka naɗe tabarmarka ka biyo motar farko mai zuwa Illela. Kada ka tsaya gardama, kada ka karɓi alkawari. Direbobin masauki za su ce ka ji tsoro, su ce ɗan Garba ya gudu daga mota. Su faɗa. Gero yana rumbu, ba za ka kwana da yunwa ba, kuma wata motar za ta zo.

Abin da za ka ɗauke ni bayan ka karanta wannan, na bar maka. In ka ga ba ka iya duban idona na wani lokaci, ban ga laifinka ba.

Zan ba mai goron da ke tashi zuwa Sakkwato yau wagga takarda, na ce ya sa ta a hannunka, kada ya ba kowa ajiya. Yana tafiya ni ma zan ɗaura wa jaki akumari in nufi Amarawa. Tun da na iya rubuta maka, ba ni da sauran hujjar ɓoye wa mai ƙafar. Ban san abin da zai ce ba, ban san ko zai ƙara kirana Yaya ba. Tsoro nake ji, Bello, irin wanda ban taɓa ji a bakin sitiyari ba. Ka sa ni a addu'a yadda nake sa ka.

Allah ya tsare ka a tudu da gangare, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya toshe bakin mai rufe ka. Allah ya yi maka albarka, ya maido mana kai gida kana tafiya bisa ƙafafunka biyu. Amin.

Wassalam. Mahaifinka, Garba.